Tafiyar awa huɗu saboda rugugin 34 Hz

Da sassafe na kama hanya, jakata ɗauke da miniDSP 2x4 HD (na'urar gyara sauti), makirufon awo na UMIK-1, kwamfuta mai manhajar auna sauti ta REW da tef ɗin awo. Awa huɗu a mota jakar na kan cinyata, don kada gargada ta illata makirufon. Yayana ne ya kira ni: ya sayi lasifika masu kyau, amma sautin ƙasa sai rugugi yake kamar hadari ya taso.

Da isata, tun ban kunna komai ba na auna falon. Tsawonsa mita 5. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, idan aka raba da ninki biyu na tsawon sai a samu kusan 34 Hz, wato kaɗawa 34 a daƙiƙa, amon da ɗaki mai wannan tsawon ke ƙara wa ƙarfi. Kujerar kuma manne take da bangon baya, inda wannan amon ya fi taruwa.

"Yaya, lasifikanka lafiya lau suke," na ce masa. "Ɗakin ne."

Na jona na'urar miniDSP tsakanin tushen kiɗa da amfilifaya. Makirufon na tsayar daidai tsayin kunnen mai zaune, bakinsa na kallon silin, na loda masa fayil ɗin gyara na digiri 90 wanda ake saukewa da lambarsa. Na auna wuri 5 a kewayen kujerar na ɗauki matsakaici, domin awo guda yana yaudara: matsar da kai kaɗan ya isa ya canza zanen ƙarfin sauti da REW ke nunawa.

Tudu, wato inda sauti ya yi yawa, ya fito ɓaro-ɓaro a zanen a 34 Hz, na sassaƙe shi da 8 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) da siririn tace guda na na'urar. Sai wani rami, inda sauti ya yi rauni, a 86 Hz. Yaya ya ce a cike shi, na ce a'a. Fuskar lasifikan na mita 1 daga bangon da ke bayansu, sautin da ya dawo daga bangon yana kashe wanda ke fita. Ƙarin 6 dB na cin ƙarfin amfilifaya ninki huɗu, ramin kuwa yana nan, tunda sautin da ke dawowa ma ya ƙaru. Sai muka tura lasifikan baya zuwa rabin mita, muka sake awo.

Sama da 300 Hz ban taɓa komai ba, a ganina nan muryar lasifika ce, a bar ta. Na'urar na da gurbin tace 10 a kowace tasha, 3 kacal muka yi amfani da su.

Washegari na hau mota da jaka mara nauyi. Na bar masa na'urar a jone, na taho da kwafin saitin a kwamfuta, ko da wata rana zai matsar da kujera.