Kafin ka sauka ƙarƙashin ƙasa da keke, ka san ta inda za ka fito

Shekarata ta farko a Landan kan keken guragu na ci baƙar wuya a jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma in za a faɗi gaskiya rabin wuyar ni na jawo wa kaina da taurin kai. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku, ku ƙannena da kuka zo karatu ko jinya, ko kuma wanda lalura ta same shi kwanan nan yake koyon zaman keke, kada ku maimaita wautar da na yi.

Kuskurena na farko shi ne shiga kawai nake lissafawa. In dai tashar da ke kusa da ni tana da lif to shikenan a ganina an gama. Wata ranar Asabar na shiga lafiya lau, na sauka a wata tsohuwar tasha a tsakiyar gari saboda wani ya ce min ai akwai lif a can, kuma bai yi ƙarya ba, akwai ɗin. Jirgi ya tafi, mutane suka watse, na bi kibiyar hanyar fita na sha kwana sai ga matakala a gabana, ba ta da wani yawa, ba ta kai ashirin ba, lif ɗin kuma yana can samanta ina jin ƙarar ƙofarsa tana buɗewa tana rufewa. Na zauna ina kallon matakalar nan kamar za ta tausaya min ta kwanta. Ƙarshe komawa na yi bakin layi na jira wani jirgin, na wuce tasha uku gaba, na fito na hau bas na dawo baya. Tafiyar minti ashirin ta cinye min kusan awa biyu, wanda zan gani ma har ya gaji ya tafi.

Daga baya na gane dalili. Layin farko tun 1863 aka buɗe shi, lokacin da jirgin ma da tururi yake tafiya, kuma da yawa daga tashoshin nan masu zurfi da aka haƙa wajen farkon shekarun 1900 lif ɗinsu ba ya kaiwa har bakin jirgi, a wani hawa yake tsayawa sai mutum ya ƙarasa da ƙafa. Tashar Covent Garden misali ce, lif na nan amma matakala na jiranka tsakaninsa da jirgi. Cikin tashoshi 272 kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai za ka shiga ka fita ba matakala. Saboda haka kalmar "akwai lif" daga bakin mai ƙafafu biyu ba hujja ba ce, ba mugunta yake maka ba, shi wallahi bai ma lura ya taka matakala ba.

Sai maganar taswira, nan ma na yi shirme. Alamar keken da ke kan taswirar layukan jirgin kala biyu ce kuma na yi watanni ban kula ba. Shuɗiya na nufin daga titi har cikin tarago ba hawa ba sauka. Fara kuma daga titi zuwa bakin jirgi ne kawai, shiga taragon wata magana ce daban, ƙila akwai tudu ko rata, sai an kawo maka 'yar gadar nan da ma'aikata ke shimfiɗawa. Akwai ma wata taswira ta musamman ta masu keke wadda ke nuna girman ratar da harufan A, B, C, tsayin tudun kuma da kore, ruwan ɗorawa da ja. Ka sauke ta a waya tun kana gida, don ba ko'ina sabis ke kamawa a ƙasa ba.

Ratar nan kar ka raina ta. Wannan muryar lasifikar tasha da ke ta nanata a kula da rata, masu tafiya da ƙafa har wasa suke da ita, mu kam ba abin wasa ba ne. Inda layi ya lanƙwasa, kamar a tashar Bank, tarago miƙaƙƙe ne bakin layin kuma a karkace, dole rami ya buɗe a tsakani. Ƙananan tayoyin gaba su ne matsalar. Na taɓa shigowa a kaikaice ina sauri, tayar hagu ta faɗa ta maƙale, ƙofa na ƙara za ta rufe, gabana ya faɗi sosai ranar, wata mata da wani yaro ne suka ɗago ni. Tun daga nan a miƙe nake fuskantar ƙofa, in ɗan ɗaga gaban keken in tura da ƙarfi sau ɗaya, in na ga abin ya fi ƙarfina in bar jirgin ya tafi, wani na zuwa nan da 'yan mintuna.

Wani abin da babu wanda ya gaya min: a wasu tashoshin ba duka bakin layin ne daidai da ƙasan jirgi ba, wani ɗan yanki ne kawai aka ɗaga, kamar a layin Victoria. Wato in ka shiga taragon da ba shi ba, za ka iso tashar da ke da alamar shuɗi amma ƙofarka ta buɗe a kan tudu. Ka nemi alamar keke a ƙasa ko a bango ka jira a wajen, ko da can ne ƙarshen layi.

Amma babban kuskuren, wanda ya haifi sauran, girman kai ne. Ba na son tambaya. Gani nake in na je wajen ma'aikaci na ce a taimaka min kamar na tabbatar wa duniya cewa na gaza. Alhali tsari ne da ke nan, ba sai ka sanar da su tun jiya ba, kana isowa ka gaya wa na bakin geti inda za ka, shi zai duba maka ko lif ɗin can yana aiki, ya raka ka ya shimfiɗa gada, sannan ya yi rediyo gaba ya faɗi taragon da kake don wani ya tare ka. Haƙƙinka ne ba bara ba. Ni dai ina ƙarawa da tambaya ɗaya kafin ƙofa ta rufe: sun amsa a can? Don an taɓa mantawa da ni sau ɗaya, na wuce tashata ina leƙe ta gilashi.

Lif kuma inji ne, yana lalacewa, wani lokacin ma a rufe shi makonni ana gyara. Yanzu kafin in sa takalmi sai na duba a waya, in sake dubawa a bakin geti, kuma kullum ina da tasha ta biyu a kaina. In ka iso ka tarar lif ya mutu kar ka juya kana ƙunƙuni kamar yadda na riƙa yi, ka yi wa ma'aikata magana, za su nema maka wata hanyar, in babu wadda ta dace tasi suke kira maka a kan kuɗinsu. Sai da na shekara kafin na san wannan, kuɗin da na ƙona kafin nan ba na son tunawa.

Mutanen kirki masu son taimako su ma a yi hattara. Wasu samari huɗu sun taɓa cewa za su ɗauke ni su hau da ni, na yarda don kunya, ɗaya ya kama wajen ɗora ƙafa abin ya cire a hannunsa, saura ƙiris mu gangaro gaba ɗaya. In ya zama dole a ɗaga ka, kai za ka nuna inda za a riƙe, jikin ƙarfen keken ba abin da ke cirewa ba. Matakala mai tafiya da kanta kuwa kar ka ma soma, ko wa ya ce zai tare ka ta baya.

Hanyar lafiya a bi ta da shekara aka ce, kuma a garin nan sababbin layuka su ne hanyar lafiyar. Layin Jubilee daga Westminster zuwa Stratford, ɓangaren da aka buɗe a 1999, ba ka da fargaba. DLR, ƙaramin jirgin nan na gabashin Landan, duka tashoshinsa ba matakala. Layin Elizabeth na 2022 shi ma duk tashoshinsa 41 za ka isa bakin jirgi, sai dai a na bayan gari za ka buƙaci gada. Ko taswira ta nuna zagaye ne, sau da yawa shi ya fi sauri a wajenmu. Bas kuma kar ka raina shi don kana ganin jirgi ne wayewa, kowanne yana da gadarsa kuma mai keke ba ya biya.

Ka guji cunkoson safe da na tashi daga aiki in kana da zaɓi, a tsayin keke jakunkunan baya ne ke ta marin fuskarka. Kana shiga ka ja birki, jirgin nan fizga yake. Ka sa safar hannu ma, don wasu hanyoyin canza layi dogaye ne sosai, na tashar Green Park kaɗai ya isa ya fito maka da kanta a tafin hannu.