Makin gwajin cutar mantuwa da shekarun makaranta

Gwajin da likitoci suka fi amfani da shi wajen tantance cutar mantuwa a tsakanin tsofaffi shi ne MMSE, wanda Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975. Makinsa 30 ne, kuma galibi wanda ya samu ƙasa da 24 ana zargin ƙwaƙwalwarsa ta fara raunana. Sai dai daga cikin tambayoyin akwai cire bakwai-bakwai daga ɗari, da rubuta jimla, da kwaikwayon zanen siffofi biyu masu kusurwa biyar, waɗanda duk ayyukan ɗan aji ne.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1993 ya nuna cewa matsakaicin makin waɗanda suka yi shekara tara ko fiye a makaranta 29 ne, alhali na waɗanda karatunsu bai wuce shekara huɗu ba 22 ne. Ke nan tsoho mai cikakken hankali yana iya faɗuwa don kawai bai saba riƙe fensir ba, shi kuma tsohon malamin jami'a ya haye ko da cutar ta fara cin sa, domin iliminsa yana rufe masa asiri.

A ganina, matsalar ta fi tsanani a ƙasar Hausa. Dattijon da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, yake lissafin watanni da kalandar Hijira, takardar gwaji za ta iya sanya shi cikin marasa ilimi, tunda shekarun boko take ƙirgawa. Wani gwajin makamancin MMSE, mai suna MoCA, na 2005, yana ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai haura shekara 12 ba, amma wannan ya haɗa mai takardar sakandare da wanda bai taɓa shiga aji ba a kwando guda.

Wasu masu binciken cutar mantuwa na Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka, da suka fara aiki tare a 1992, sun bi hanyar da ta fi gamsar da ni. Gwajinsu na CSI-D yana haɗa amsoshin tsohon da bayanin wani ɗan'uwansa game da abin da ya sauya a rayuwarsa ta yau da kullum, kuma maimakon zane da fensir sun ƙirƙiro gwajin jera ƙwayoyin ashana. Ɗiyar da ta lura mahaifiyarta ta fara rikita canjin kuɗi bayan shekaru tana sana'a tana da bayanin da makin takarda ba zai bai wa likita ba.