Bakina aka ara

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa katin shiga ofis da kwamfutar aiki. Aka yanka kek, aka ba ni katin ban kwana da sa hannun abokan aiki. Wadda ta fi kowa tsawaita rubutu a ciki ita ce shugabar sashenmu. Ta ce ba za a manta da yadda na sa 'yan haya suka yarda da ƙungiya ba. A cikin bas na karanta, na ninke na sa a aljihu. Ba ƙarya ta yi ba, na sa sun yarda. Abin da aka yi da yardar ne ya fitar da ni.

Shekara shida na yi a wata ƙungiyar gidajen haya masu rangwame a kudancin Landan, a sashen da ke rushe tsofaffin rukunonin gidaje ya sake gina su. A ƙarshen 2018 aka ɗauke ni, kuma sai daga baya na gane ba kyan takarduna kaɗai aka duba ba. A watan Yulin shekarar ne Magajin Garin Landan, Sadiq Khan, ya kafa sharaɗi: duk aikin da za a rushe gidajen masu ƙaramin ƙarfi a gina sababbi 150 ko fiye, muddin ana son kuɗin ofishinsa, to sai an kaɗa ƙuri'a mazauna sun ce sun amince. Ga gobarar dogon benen Grenfell a Landan ta watan Yunin 2017 da ta ci mutum 72 ba ta bar zukata ba. Ga labarin rukunin gidajen Heygate a unguwar Elephant and Castle, inda aka rushe gidaje kusan 1,200, a sabon ginin kuwa masu hayar talaka 82 kacal aka tanada. Duk ɗan haya a kudancin Landan ya san wannan labarin, ko da bai taɓa taka wurin ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle. Saboda haka masu gidaje suka shiga neman wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe masa. Ni baƙi ne, Musulmi, ina jin Hausa da Turancin buroka da ɗan Larabcin makarantar allo. A rukunin da aka tura ni akwai Somaliyawa da 'yan Najeriya da 'yan Ghana da 'yan Bangaladash, da tsofaffin Turawa da suka tare tun ginin yana sabo. Sai na zama mabuɗi.

Kada a fahimce ni a karkace: gidajen nan sun gaji. Na shiga ɗakin da funfuna ta baƙanta bango daga ƙasa har rufi, ga gadon jariri a jingine da shi. Na ga tsohon da ya yi mako biyu bai sauko ba saboda lif ya lalace. Na yi imani da aikin, kuma har yau ban ce a bar mutane a cikin wancan danshin ba.

Wata dattijuwa da muke kira Hajiya tana hawa na ƙasa a gini na biyu. Daga Zangon Kumasi ta zo, tun ina yaro a gida ita tana Landan. A gidan nan mai ɗakin kwana uku ta raini 'ya'yanta, a nan mijinta ya rasu. Yaran sun girma sun watse, amma gidan bai taɓa zama kango ba. Ranar Lahadi mata na taruwa karatu, a nan ake zubin adashi, a nan ake sauke baƙuwar da ta iso daga gida kafin ta samu wurin zama. Tana da turmi da ta kawo daga Kumasi, kuma da yake babu kowa a ƙarƙashinta, sakwararta take kirɓawa hankali kwance. Ragin tallafin hayar da aka fara a 2013 ga masu ɗakin da ba a kwana a ciki, kashi 14 na ɗaki ɗaya, kashi 25 na biyu, bai shafe ta ba, don ta kai shekarun fansho. Wato babu wanda ya taɓa gaya mata cewa a idon hukuma gidanta ya fi ƙarfinta.

Ranar farko da na yi mata sallama da Hausa sai da ta riƙe ƙofa ta dube ni. "Ɗan wane gari?" Na faɗa mata. Daga ranar na zama ɗanta. Kowa a ofis ya san in Hajiya ta ce e, rabin matan ginin sun ce e.

Saura mako biyu a fara ƙuri'a ta zaunar da ni a falonta, ta ajiye kundin alkawuran da muka raba wa kowa a kan tebur, ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, ni wannan littafi ba zan iya da shi ba. Tambaya uku zan yi maka. Zan dawo nan? Ɗakuna uku zan samu kamar yadda nake da su? A ƙasa za a sa ni?"

Na ce, "Hajiya, bari in tambayo, kada in faɗa miki abin da ban sani ba."

Har nan ban yi laifi ba. Washegari na tare shugabata a ɗakin haɗa shayi, tana tsaye tana jiran ruwa ya tafasa. Na zayyana mata tambayoyin. Ta ce in gaya wa Hajiya za a kula da ita, irin su ba a barin su su wulaƙanta, kuma in tuna saura kwana goma sha uku. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce uku ba, ba ta ce ƙasa ba. Ni ne na ɗauki wannan maganar mai santsi, na sa ta a baki, kafin in isa ƙofar Hajiya ta zama tabbas. Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Za ki dawo, ɗakunanki uku, a ƙasa, in Allah ya yarda." Na san akwai layi a cikin kundin da ya ce girman sabon gida zai dogara da yawan mutanen da ke zaune a lokacin ƙaura. Na karanta shi ya fi sau goma. Na gaya wa kaina cewa doka ce ta gama-gari, manya za su yi wa tsohuwa sassauci. Gaskiyar magana, ina son a ci ƙuri'ar, kuma ina son a ce ni na kawo ginin nan. Aka ci, da rata mai yawa. Aka kira sunana a taron ma'aikata, aka tafa.

A ofis, kalmar da ake faɗa wa kwashe mutane daga gidajensu ita ce ainihin wadda Bature ke faɗa in zai juye abin sha daga wannan kwalba zuwa waccan. Na yi shekara ina furta ta ban ji komai ba. A ƙarshen 2021 aka juye Hajiya. Kuɗin rasa gida da doka ta tanada a lokacin fam 7,100 ne, aka ba ta, aka biya motar kwasar kaya, aka kai ta hawa na huɗu a wata unguwa da sai ta hau bas biyu kafin ta zo masallacin da ta saba. Na wucin gadi ne, haka na ce mata. Ni na ɗauki turmin na sa a mota.

Sai takardar tantance buƙata ta iso: mutum ɗaya, ɗakin kwana ɗaya. 'Yarta ta rubuta ƙorafi, ta ambaci sunana, ta faɗi ranar da na yi alkawarin. Aka kira zama, ni da shugabata da wani daga sashen ƙorafe-ƙorafe. Na faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan, har da ɗakin shayi. Shugabata ta saurare ni ba ta katse ni ba, sannan ta juyo a natse ta tambaye ni a wane shafi na kundin aka rubuta ɗaki uku. Na yi shiru. Ta ce ita dai ba ta tuna wata magana a kan adadin ɗakuna ba. Nan ma ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutum ce da ta iya tsayawa daidai bakin layi ta bar na ƙasa da ita ya tsallaka.

Amsar da aka aika wa 'yar Hajiya ta ce an samu rashin fahimta sakamakon fassarar baka da wani ma'aikaci ya yi ba bisa tsari ba. Fassara! Hausar da aka tafa wa a taron ma'aikata, wadda aka sa hotona saboda ita a rahoton shekara, ita ce yanzu ta zama ba bisa tsari ba. Aka tura ni kwas na yini ɗaya a kan yadda ake magana da 'yan haya ba tare da an ɗaga musu buri ba. Bayan shekara ɗaya ita kuma aka ƙara mata girma. Ba hassada nake yi ba, lissafi ne kawai.

Na yi kusan wata uku ban iya zuwa gaishe da Hajiya ba. Da na je, kunya ta hana ni zama sai da ta ce, "Zauna mana, kujerar ba ta cizo."

Abin da ya biyo baya duk wanda ke wannan harka ya san shi. Korona ta riga ta cinye mana shekara. Kuɗin ƙarfe da siminti suka tashi. Babban Bankin Ingila ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 5.25 a watan Agustan 2023, gwamnati kuma ta ƙayyade ƙarin hayar gidajen rangwame na shekarar a kashi 7, ƙasa da hauhawar farashi, sai lissafin da aka gina aikin a kansa ya goce. A shekarar dai aka zo da sharaɗin matakala ta biyu a dogayen gine-gine: a Landan aka fara da masu tsayin mita 30, daga baya gwamnati ta ce daga mita 18. Sharaɗi ne mai kyau, bayan Grenfell wa zai yi musu? Amma sai da aka mayar da zane wurin masu zane. Da sabon ya fito, hawan ƙasa ya koma shaguna da ma'ajiyar kekuna da ɗakin shara. Gidajen ƙasa 'yan kaɗan suka rage, na masu keken guragu. Alkawarina na uku ma ya tafi, ba tare da kowa ya zauna ya yanke shawarar karya shi ba.

Abu ɗaya na ƙwato. Na bi tsofaffin da aka kwashe ɗaya bayan ɗaya, na rubuta wanda jika ke kwana wurinsa, da wanda mai jinya ke kwana, da wanda aka gaya wa irin abin da na gaya wa Hajiya. Ashe ba ni kaɗai na yi irin wannan baki ba, ni kaɗai aka kama. Na kai wa wakilan mazauna, su suka kai gaban hukumar gudanarwa, domin na riga na koyi cewa takardar da ta bi ta teburin shugabata a nan take kwana. Bayan wata da watanni aka amince duk tsohon ɗan hayan da za a rage wa gida a ƙara masa ɗaki ɗaya a kan buƙatarsa. Hajiya za ta samu biyu. A sanarwar da aka fitar an ce ƙungiya ce ta saurari mazauna. Sunana bai fito ba, ban kuma nema ba, amma na san wanda ya hau matakalun.

Ga wanda zai gaje ni, shawarwarina ba su da yawa. Duk maganar da aka yi maka a tsaye, koma teburinka ka aika imel ka ce ga abin da na fahimta, a gyara mini in na yi kuskure. Kada ka yi tafinta kai kaɗai, a kira na hukuma ko da ka fi shi iya harshen, ka zauna a gefe. Kada ka faɗi shekarar dawowa. Ka gyara famfon da ke yoyo ko da ginin na rushewa ne, domin mutane na kwana a ciki. Yaron nan Awaab Ishak ɗan shekara biyu da ya rasu a garin Rochdale na arewacin Ingila a 2020, mai binciken mace-mace ya tabbatar a 2022 cewa funfunar gidansu ce sanadi, kuma iyayensa sun kai kuka tun kafin nan. In aka yaba maka cewa kai ne gada tsakanin ofis da jama'a, ka tuna gada takawa ake yi.

Ranar Asabar na bi ta tsohon filin. An kewaye shi da katako mai hotunan yara suna wasa a kan ciyawa, ciki kuwa ƙasa ce da tarin ɓaraguzai. Daga nan na hau bas biyun na je sallama. Turmin yana baranda, an cika shi da ƙasa, ta shuka barkono a ciki. Na ƙasa da ita ya kai ƙara sau biyu a kan daka, sai ta haƙura ta koma garin kwali. Masu karatun Lahadi saura mutum uku, su ma ba kullum ba.

Na gaya mata na bar aiki. Ta yi mini addu'a mai tsawo, har da iyayena. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ɗana, kai ma aiko ka aka yi." Na so in ce ba duka ba, akwai wanda na ƙara da bakina, amma ta riga ta miƙe ta ɗora ruwan shayi. Daga kicin ta ɗago murya.

"Wanda zai zo a madadinka, yana jin Hausa?"

Na ce a'a, Hajiya, Bature ne.

Ta ce, "To, gara haka. Shi sai ya rubuta mini a takarda."