Daren da murfin ƙofar jirginmu ya ɓalle

Iskar daren nan ta kai mataki na 10 a ma'aunin Bofot na ƙarfin iska, wato tana gudun kilomita 89 zuwa 102 a awa. Jirginmu na yaƙi yana hawa raƙuman ruwa yana faɗowa, ƙarfe na kuka ƙarƙashin ƙafafunmu. Can tsakar dare aka sanar da cewa murfin ƙofar da ke gaban jirgi ya ɓalle, ruwa na kwarara cikin ɗakin ajiya.

Wanda bai san teku ba raƙuman ruwa yake tsoro. Mu kuwa ruwan da ya shigo ciki ne ke tayar mana da hankali. Lita 1,000 na ruwan teku sun ɗara tan ɗaya nauyi, kuma ba ya zama wuri ɗaya: jirgi ya karkata hagu, ruwan ya bi shi hagu ya ƙara danne shi. Injinan janye ruwa na ta aiki, amma abin da ke shigowa ya fi ƙarfinsu.

Na ce, "Yallaɓai, ni zan je." Kwamanda ya rage gudu, ya karkatar da jirgin don ruwa ya daina dukan goshinsa. Na sa rigar ceto, aka ɗaura mini igiya a ƙugu, abokan aikina suka riƙe ta.

Da rarrafe na tafi, hannu ɗaya kullum a kan ƙarfe. Idan ruwa ya taso sai in kwanta in ƙanƙame, ya wuce in matsa gaba. Sau ɗaya ya ɗauke ni ya maka ni da shingen jirgi, igiyar ce ta tare ni. Gishiri ya rufe mini ido, yatsuna sun sandare, da lalube na gano maƙallan murfin na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya.

Daga baya aka ba ni lambar yabo ta jarumta, na karɓa da godiya ga Allah. Amma tsoro kam na ji shi har cikin ƙashina. Hannuna ne ya san aikin, saboda atisayen da muka sha maimaitawa lokacin da teku ke kwance. Kuma da masu riƙe igiyar sun sassauta, da ba a ga ko gawata ba. Har yau ina ganin sun cancanci a kira sunayensu tare da nawa.

Yanzu idan aka ba ni sababbin sojoji, nakan ɗaure musu ido da ƙyalle su rufe murfin nan, sai na ga yatsunsu sun daina neman maƙalli kafin in sallame su.