Ranar da muka raɗa wa ƙadangaru suna

Asabar, Aboabo, Kumasi

Ban gama shan koko ba ƙanena ya faɗo ɗaki da kwamfutarsa a hammata. Wata huɗu ke nan shi da abokansa biyu suna haɗa wani ɗan wasan waya, na kama dodanni a daji a horar da su. Zanen ya yi kyau ƙwarai, suna ne ya gagare su. Ƙadangarensu ɗaya ne, jiki ɗaya, tafiya ɗaya, sai dai yana fitowa a launi huɗu, kuma har yau ƙadangare na 1, na 2, na 3 suke ce musu.

"Yaya, ke da kika karanta duwatsu a jami'ar KNUST, duba min wannan."

Ya riga ya yi nasa jerin: ja rubi, kore emaral, fari daimon, shuɗi safaya. Hujjarsa Pokémon, sanannen wasan kama dodanni, wai ai su ma sun fitar da Ruby da Sapphire a 2002. Na ce wannan sunan wasa ne, ba na dabba ba. Nan ya karɓe zancen, don ya fi ni sani: dodannin Pokémon masu baƙon launi shiny kawai ake kiransu, tun Gold da Silver na 1999, kuma a wancan lokacin ɗaya ake samu cikin 8192. Shi so yake nasa su samu suna na kansu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ya tattaro duwatsun da ba su haɗa komai ba ya liƙa wa halitta guda. Alhali ƙasa ta riga ta yi irin abin da yake nema. Rubi da safaya dutse ɗaya ne, korandam, sinadarin alminiyam da iskar oksijin. Idan tsantsarsa ne ba shi da launi ko kaɗan. Ɗan ƙwayar kuromiyam ya shiga, ya zama ja. Ƙarfe da taitaniyam suka shiga, ya zama shuɗi. Taurinsa bai canza ba, yana nan a mataki na 9 a ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon kaɗai ke sama da shi. To wannan ba shi ne ƙadangarenka ba? Ƙarfi ɗaya, fata daban. Emaral kuwa ɗan gidan beril ne, shi da akwamarin mai ruwan teku, sai a ajiye su ga wata halittar.

Ya yi shiru, ya goge emaral da daimon. Muna cikin haka aka ɗauke wuta, cajin kwamfutar saura kaɗan, muka ɗauki littafi da biro muka koma ƙofar ɗakin Kaka inda iska ke kaɗawa.

A nan ranar ta juya. Kaka tana tsince wake, ta saurare mu ina ta rubi, safaya, sai ta ce, "Wai yakutu kuke nufi?" Ta jawo ayar nan ta Suratur Rahman da ke ambaton yakutu da murjani. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Shekara huɗu ina haddace sunaye a aji, ban taɓa haɗa su da kalmar da nake ji a wa'azi tun ina ƙarama ba. Kuma malaman Larabawa na da can sun riga sun haɗa su gida ɗaya, yakutu ja, shuɗi da rawaya. Ƙanena ya rubuta da manyan baƙi: Jan Yakutu, Shuɗin Yakutu, Rawayan Yakutu, Farin Yakutu. Koren ƙadangaren ya yarda zai mayar da shi rawaya.

Murjani mun ɗan yi gardama a kansa. A ƙa'idar aji ba ma'adini ba ne, ƙananan halittun teku ke gina shi. Kaka ta ce ita dai a wuya ta san shi. Muka ba kifin wasan, tun da daga ruwa ya fito.

Sai ta tura ni in ɗauko mata wani tsohon gwangwani a ƙarƙashin gado. Cikinsa akwai guntun tozali da ba a niƙa ba, naɗe a tsumma. Bai kai ƙwallon goro ba amma ya yi nauyi a tafin hannu, toka-toka mai sheƙi, gefensa ya karye a miƙe kamar an yanka da wuƙa, tsani-tsani. Galena ne, ko a mafarki na gani zan gane shi. Ƙanena ya ƙwallafa rai, ya ce kunkurun nan mai nauyin tafiya ya samu suna, Tozali. Ni kuwa hankalina ya tafi kan jaririyar maƙwabtanmu da ake sa wa a ido kullum. Galena dalma ce haɗe da farar wuta, dalma kuma tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. Na faɗa wa Kaka a hankali, da ladabi. Ba ta amsa ba, ta dai mayar da murfin. Gobe zan shiga wurin uwar yarinyar.

Da la'asar na ciro ɗan hematayit ɗina da na ajiye tun ina makaranta, baƙi kamar ƙarfen tukunya. Na ce ya goga shi a bayan fasasshen tayil. Ya goga, jan layi ya fito kamar busasshen jini. Ya sake gogawa sau uku yana dariya. Nan take ya yanke cewa baƙin macijin mataki na ƙarshe zai riƙa barin jan sawu duk inda ya ja ciki, ta haka mai wasa zai bi shi.

Matakan wasan ma yana so ya ba su sunayen garuruwanmu: Obuasi don zinariya, Akwatia don daimon, Nsuta don manganis, Awaso don boksayit. Wannan na bar masa da abokansa.

Wuta ta dawo bayan isha'i. Har yanzu ina jin ƙarar madannansa ta bango. Ya tafi da hematayit ɗina, kuma jemagen wasan mai ruwan makuba bai samu suna ba tukuna. Ametis na ba shi, ya ce sai ya tambayi Kaka da safe.