Mudu ɗaya na saye, shi ne kuma na sayarwa

Hatsi nake sayarwa a yankin Saminaka ta jihar Kaduna: masara, dawa, wake da waken suya. Sana'ar mahaifiyata ce, a gefen tabarmarta na koyi awo. Ni Kirista ce, 'yar cocin ECWA, kuma ina cikin zumuntar mata. Na daɗe ina son in yi magana a kan yadda bangaskiya take shiga kasuwa, domin daga Litinin zuwa Asabar ne ake ganin ko abin da mutum ya ji ranar Lahadi ya zauna.

Duk mai awo ya san zancen mudu biyu. Akwai babba da ake shiga ƙauye da shi a auna na manomi, akwai wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, da shi ake auna wa mai saye. Abin da ake ragewa bai fi tafin hannu ba, amma a buhu ɗaya ya zama kuɗi. Mahaifiyata mudu ɗaya gare ta, shi na gada. Takan ce, "'Yar nan, wanda ya halicci hannu yana ganin abin da hannu yake yi." Da na girma na tarar da maganar a Littafi Mai Tsarki, cikin Maimaitawar Shari'a sura 25, inda aka hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jaka ko a gida. Annabi Amos ma ya yi kuka da 'yan kasuwar zamaninsa, masu ƙosawa Asabar ta wuce su koma su rage mudu, su ƙara farashi, su sayar har da ƙaiƙayi. Na karanta wurin na ji kamar ya taɓa zama a layinmu. Maƙwabcina a rumfa Musulmi ne, dattijon arziki, da na ba shi labari ya ce, "Ai Maman yara, mu ma sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu." Tun daga nan idan ɗayanmu ya tashi, ɗayan ke auna masa.

Wake kuwa ya fi mudu wahala, domin ƙwari ba sa jira. Hanya mai arha ita ce a yayyafa masa maganin ƙwari mai ƙarfi a ɗinke buhu, wanda zai ci bai sani ba. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ni buhun PICS nake saye, mai leda biyu a ciki wanda ke hana iska shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Ya fi tsada, kuma mai saye ba ya ƙara mini ko sisi saboda shi. Amma waken nan mai ƙosai ce za ta soya wa yara 'yan makaranta. Ban ga yadda zan riƙa cewa ina ƙaunar maƙwabcina kamar kaina, sannan in sayar masa da abin da ba zan dafa wa 'ya'yana ba.

Inda abin ya fi cin raina shi ne ajiya. Ribar hatsi kusan duk a nan take: a saya da kaka yana araha, a ajiye, a fitar da damina lokacin da rumbunan mutane suka ƙare. Wannan ba laifi ba ne, har ma taimako ne, don in babu masu ajiya ba za a ga ƙwayar masara a watan Yuli ba. Yusufu ma ajiya ya yi a Masar, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na shekaru bakwai na ƙoshi. Sai dai da yunwa ta zo, buɗe rumbunan ya yi. Karin Magana 11:26 kuma ba ta ɓoye komai ba: mai riƙe hatsi mutane za su la'ance shi, albarka tana kan wanda ya sayar.

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya hau, taki ya hau, hatsi ya bi su. Cikin 2024 farashi kan canja tsakanin kasuwa da kasuwa. A Fabrairun shekarar har hukumomin Kano suka rufe wasu ɗakunan ajiya a kasuwar hatsi ta Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ina da masara a ɗaki a lokacin, dillalai suna ta ce mini, "Mama, kada ki taɓa, bari ya ƙara nuna." A gefe guda kuma matan da muke waƙa tare suna zuwa neman rabin mudu, wasu sun koma cin abinci sau ɗaya a yini. Na kai maganar gaban mijina, muka yi addu'a, muka yanke cewa duk mako zan fitar da wani abu in sayar da mudu-mudu a farashin ranar, ba zan jira ƙololuwa ba, ba kuma zan ba babbar mota ta kwashe gaba ɗaya ba. Ban yi asara ba, amma waɗanda suka riƙe nasu har ƙarshen damina sun fi ni samu nesa ba kusa ba.

Dole in faɗi wannan a fili, domin akwai wa'azin da ke yawo yanzu cewa in ka yi gaskiya, ka ba da zakka, to Allah zai ninka maka cikin wata guda. Ina ba da zakkata da baikona da farin ciki, amma ban taɓa ɗaukarsu a matsayin jari ba. Gaskiya tana cin kuɗi. Wani lokaci ta kawo amintattun masu saye, wani lokaci kuma ka ga mai algus ya gina gida kai kana haya. Abin da Bulus ya ce wa Kolosiyawa shi ne su yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar Ubangiji suke yi wa, bai yi musu alkawarin riba ba. Mai koya wa matalauta cewa rashin kuɗinsu rashin bangaskiya ne yana ɗora musu kaya a kan kaya.

Bashi ma na koyi yi masa iyaka. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutane da kuɗinsu a banki amma ba na cefane, na buɗe littafi na riƙa rubutawa. Yawancinsu sun biya. Abin da na ƙi shi ne a ba manomi kuɗin taki da damina a ce da kaka zai kawo buhun da ya ninka kuɗin. Manoma sun sha roƙona da kansu, saboda matsi. Nakan ce, "Baba, karɓi abin da zan iya, da kaka ka biya ni a farashin da kasuwa ta tsaya."

Sai 'yan dako, samarin da ke ɗora buhu mai kilo 100 a wuya. An saba ce musu "sai gobe" idan ciniki bai yi ba. Shari'ar Musa ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, ransa yana kan kuɗin, wasiƙar Yakubu kuma ta ce hakkin da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Saboda haka kuɗinsu nake fara warewa da safe, in ƙulle a bakin zane dabam, kafin in taɓa na motar da za ta kai ni gida.