Minti huɗu a filin Azteca

Daren jiya gardama ta sake ɓarkewa a teburin mai shayin unguwarmu, a kan Messi da Maradona kamar kullum. Wani yaro da bai fi shekara ashirin ba ya ce shi Maradona a wajensa ɓarawo ne kawai, ya ci da hannu aka ƙyale shi. Na ajiye kofina na ce, "Samari, ka taɓa kallon wasan kuwa, ko guntun da ake turawa a WhatsApp ka sani?" Ya yi dariya. Ashe guntun ne.

Ni ma a lokacin ina firamare, ban kalla ba. Kawuna ne ya kalla bayan magariba a talabijin ɗin maƙwabta, ya kuwa shekara yana ba mu labari har muka haddace. Ranar 22 ga Yuni 1986 ce, a filin Azteca da ke birnin Meziko, Ajantina da Ingila a wasan kwata fainal na gasar cin kofin duniya.

Abin da yaron bai sani ba shi ne akwai jini a tsakanin ƙasashen. A watan Afrilun 1982 gwamnatin sojan Ajantina ta Janar Galtieri ta mamaye tsibiran Falkland da ke hannun Birtaniya, waɗanda 'yan Ajantina ke kira Malvinas. Firaministar Birtaniya ta lokacin, Margaret Thatcher, ta turo jiragen ruwan yaƙi. Kwana 74 aka yi ana gwabzawa, Ajantina ta rasa mutum 649, Birtaniya 255, kuma da yawa daga cikin sojojin Ajantina samari ne da aka ɗiba aikin soja na dole. Tun kafin nan ma akwai jiƙaƙƙiya: a 1966 a Wembley aka kori kyaftin ɗin Ajantina Rattin, ya daɗe yana ƙin fita, kocin Ingila Alf Ramsey kuma ya kwatanta su da dabbobi. Da duk wannan a rai aka shiga fili.

A minti na 51 Steve Hodge na Ingila ya zo korar ƙwallo, ta kuskure masa ta tashi sama ta nufi ragarsu. Peter Shilton, dogon gola, ya taso zai naushe ta, sai ga wannan gajeren mutum, Maradona, ya riga shi, ya tura ta da hannun hagu. Alƙalin wasa Ali Bin Nasser, ɗan Tunisiya, ya nuna tsakiya. Zamba ce, ba na yi wa kowa musu. Kuma sunan da Maradona ya laƙaba mata daga baya, da ya jingina hannun ga Ubangiji, ni har yau bakina ba ya son furta shi.

To amma bayan minti huɗu fa? Ya karɓi ƙwallo a ɓangarensu, ya juya ya bar Beardsley da Reid a tsaye, ya wuce Butcher, ya wuce Fenwick, Shilton ya fito ya kwanta masa, ya kewaye shi ya zura. Kusan mita 60 cikin daƙiƙa goma, ƙwallon tana manne da ƙafar hagu kamar an ɗinke ta. Kawu ya ce a ɗakin nan har masu goyon Ingila sai da suka miƙe. Lineker ya farke ɗaya, aka tashi 2 da 1, Ajantina ta je ta ɗauki kofin a hannun Jamus ta Yamma. Abin da ke hana ni yanke wa mutumin hukunci ke nan: mai hannun da mai ƙafar duk mutum ɗaya ne, a yini ɗaya.

Gabar ta ci gaba. A 1998 Beckham ya harbi Simeone aka ba shi jan kati, a 2002 ya rama da fenareti a Japan. Abin dariya, Hodge ɗin nan da ya yi kuskuren shi ya yi musayar riga da Maradona, a 2022 kuma aka yi gwanjon rigar a kan fam miliyan 7.1. Kuskure mai riba!

Mu ma muna da namu tabon. Wasan Maradona na ƙarshe a kofin duniya da Najeriya ya buga a 1994. Siasia ya fara ci, Caniggia ya zura mana biyu, daga baya gwajin ƙwaya ya kama Maradona aka sallame shi daga gasar. Ya mutu a Nuwamban 2020, shekara biyu kafin Messi ya ɗaga kofin a Qatar.

Na nemo ƙwallo ta biyun a wayata na miƙa wa yaron. Ya kalla sau uku bai ce uffan ba, shayinsa har ya huce. Da ya miƙo min wayar sai ya ce, "Yallaɓai, amma dai ta farkon da hannu ya ci."